Daga Ƙasa, Ba Daga Sama Ba

Laraba, 4 ga wata

Yaya Dakta,

Wasiƙa nawa ake rubuta wa mai digiri uku kafin ya amsa ɗaya? Ina tambaya ne don in san inda nake a layi, wannan ce ta uku. Wayarka kuwa na daina kira, na haddace muryar matar nan da ke cewa kana cikin taro.

To, bari in yi abin da Inna ta koya mini, kada ka ce ba ni da tarbiyya. Yaya aiki, yaya Anti da yara? Mu lafiya lau. Kumburin ƙafar Inna ya ɗan sace, tana iya zuwa bakin famfo da kanta. Baffa, wato mahaifinka in ka manta, tarin nan bai sake shi ba, kuma ya ƙi shan kowane magani sai wanda "ɗana Dakta" ya rubuta. Sau goma ina gaya masa kai Daktan ruwa ne, ba na mutane ba. Ya ce ai mutum ma ruwa ne.

Ni ina nan inda ka bar ni, a ɗakin gwajin sakandaren nan. In wanke kwalabe, in goge tebura, in riƙe mukulli. Wata uku da suka wuce kamfanin sitacin da ke hayin rafi ya ba makarantar kyautar wani jan akwati na auna iskar da ke narke a cikin ruwa, wadda littafinka ke kira oksijin. An yi jawabi, an ɗauki hoto, aka ɗora shi a kan kabad. Malamin kimiyyarmu, wanda yara ke kira Malam Sai-Gobe, tun ranar yake cewa gobe za a buɗe shi. Ga baje kolin kimiyya cikin watan nan, 'yan aji biyar ba su da abin nunawa sai zanen zuciya da suka yi bara.

Jiya na buɗe akwatin. Magungunan duk suna nan, da sirinji, da kwalabe masu murfin gilas. Takardar bayanin ce ɓera ya cinye tsakiyarta, daidai wurin da nake buƙata, kamar wanda aka aiko.

Na koma kwalin littattafanka da ka bari a ƙarƙashin gadon Baffa. Koren nan marar bango, shi na karanta har na gane abin da ake nema. Amma littafin na manyan ɗakunan gwaji yake magana, ba na ɗan akwati ba. Abu biyu kawai nake so: ina zan ɗebi ruwan, kuma ɗigo nawa na kowane magani?

Da na ce wa mai gadinmu za mu auna iskar da ke cikin rafi, ja da baya ya yi, ya ce shi tuntuni ya san akwai iska a rafin nan, in rufa masa asiri kada in tsokano su. Masinjan ofis kuma ya ce dama shi ya san aikin iska nake yi. Ka ga irin mutanen da nake kimiyya a cikinsu.

Ka amsa, Yaya. Layi biyar ya isa. Ba za a cire maka digiri ko ɗaya ba.

Ƙanenka,
Barkono

*

Litinin, 9 ga wata

Ƙanena Barkono,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙunka uku rana ɗaya suka same ni, direban da kake ba wa saƙo ya manta da biyun farko a aljihun motarsa. Na ga bakin nan naka har yanzu bai huce ba. Muna lafiya, Antinka na gaida Inna. Ka ce wa Baffa Dakta ya ce ya sha maganin da asibiti suka ba shi.

Na ji daɗi da kana duba littafin nan. Ga yadda za ka yi.

Ka ɗebi ruwan daga ƙasa, ba daga sama ba. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci. Kwalbar ta cika taf, kada ka bar kumfa ko kamar kan allura. Ka sa ɗigo takwas na magani na ɗaya, takwas na na biyu, ka rufe, ka juya ta a hankali. In akwai iska, za ka ga wani gudaji-gudaji ruwan ƙasa ya fito. In babu, fari zai yi. Ka bari ya kwanta, sannan ka sa asid, zai narke ya zama rawaya. Ka zuba a ɗan kofin har zuwa layi, ka ɗiga ruwan sitaci, zai koma shuɗi. Daga nan ka riƙa ɗiga magani na ƙarshe da sirinji, ɗigo-ɗigo, har shuɗin ya ɓace. Lambar da ka gani a jikin sirinjin ita ce yawan iskar a kowace lita. Ruwa mai lafiya shida zuwa takwas yake bayarwa. In bai kai uku ba, kifi yana cikin wahala.

Ka rubuta zafin ruwan da lokacin da ka ɗiba. Kada yara su taɓa asid. Kuma ka ba Malamin girmansa, sunansa za a sa a sama.

Yayanka

*

Talata, 17 ga wata

Yaya,

Yau ba Dakta a gaban sunanka, saboda yau ina ji da kai. Ina gaishe ka, ina gaida Anti. Baffa ya sha maganin, tarin ya yi sauƙi, yanzu duk wanda ya shigo gidan sai ya ji cewa daga birni ka warkar da shi da wasiƙa.

Na karanta layin nan naka, "daga ƙasa, ba daga sama ba", sai da tsigar jikina ta tashi. Ka san yadda kowa ke faɗa a nan. Saman rafi shi ne bayan filin ƙwallo, inda ake ɗibar ruwan lambu. Ƙasan rafi kuwa bayan gada, inda bututun kamfanin sitaci ke amai. Na ce, kai, ashe Yaya bai manta gida ba. Ya san inda ciwon yake, can ya tura ni. Na ce ashe da sauran Yayan nan da ya taɓa marin ɗan aji shida saboda ya yaga mini littafi.

Jiya da ƙarfe goma na safe na tafi da yara goma sha biyu. Malam Sai-Gobe ciwon bayansa ya tashi, bai bi mu ba. Tun kafin mu sauka gada wari ya tare mu, irin na ƙullun da ya yi kwana uku. Wani farin kumfa ya kwanta a gefen ruwan kamar bargo. Na naɗe wando na shiga har cinya, na nutsa kwalbar iya tsawon hannuna, na rufe ta a can cikin ruwan, yadda aka zana a koren littafinka. Kwalba uku. Babu kumfa ko ɗaya, sai da na ɗaga kowace a rana yara suka shaida.

Amma ka san ni, in aka ce kada, sai na leƙa. A hanyar dawowa na ɗebi uku daga saman rafin ma, don mu gwada.

Yaya, da ka ga fuskokin yaran nan. Ina gama ɗiga magani na biyu, wani ya daka tsalle ya ce, "Kun ga ikon Allah, ruwan sama ya yi ruwan ƙasa, ruwan ƙasa ya yi fari!" Aji ya ɓarke da dariya. Gaskiya ya faɗa. Kwalaben saman rafi sun yi launin ƙasa tsaf, na ƙasan bututu kuwa fari, da ƙyar ka ga ɗan dishi-dishi a ciki.

Shugabar ajin, wata yarinya mai tabarau da ba ta yarda da komai sai ta gani, ita ta riƙe sirinji. Na sama: bakwai, bakwai, bakwai da ɗan ɗori. Na ƙasa: ɗaya, ɗaya da ɗan ɗori, na ukun ma bai kai ɗaya ba. Zafin ruwan kusan ɗaya ne a wuraren biyu, tsakanin ɗibar farko da ta ƙarshe minti arba'in.

Dariyar ta tsaya. Yarinyar ta ce, "Malam, ai wannan ba ruwa ba ne, gawar ruwa ce." Wani, ɗan masunci ne, ya tambaye ni ko kifi yana iya nutsewa. Na ce yana iyawa, a tsakiyar ruwa numfashinsa zai ƙare. Yaron ya ce shekara biyu ke nan babansa ya daina jefa koma a wurin, ana ta ce masa sammu aka yi masa.

Ka lura da abin da suka kira ni? Malam. Na ce su daina, ni mai wanke kwalba ne. Ba su daina ba.

Sun zana babban kwali, layi biyu, sama da ƙasa, da hoton kifi yana hamma. Na sa sunan Malam Sai-Gobe a sama da manyan baƙaƙe kamar yadda ka ce. Asabar ne baje kolin. Babban baƙo shi ne mai kamfanin da kansa. Tunda shi ya ba mu akwatin, ai zai so ya ga yana aiki.

Na gode, Yaya. Ka adana wannan kalmar, ba kullum nake faɗinta ba.

Barkono

*

Talata, 24 ga wata

Yaya Dakta,

Gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Inna lafiya, Baffa lafiya. Ni ne ba lafiya ba, kuma ba ciwon jiki ba ne.

Ranar Asabar an jera tebura a babban zaure, an lulluɓe su da zannuwan gado. 'Yan aji uku sun yi dutse mai aman wuta da laka, ya ƙi yin aman. Mai kamfani ya shigo, Shugaban makaranta na biye da shi a ɗan sunkuye kamar mai neman allura. Ya yi ta murmushi tebur-tebur har ya iso namu.

Ya karanta kwalin. Ya sake karantawa. Yarinyar mai tabarau ta fara bayani, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har ta ce "ƙasan bututun kamfani".

Ya ce, "Wane malami ne ya koya muku wannan?"

Malam Sai-Gobe yana tsaye a ƙarƙashin sunansa, haruffa kamar tafin hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ranar bayana ne ya tashi."

Mai kamfani ya dubi jan akwatin, ya ce, "Wannan nawa ne ko?" Na ce nasa ne. Ya ce, "To, madalla." Ya tafi, ko lemon da aka buɗe masa bai taɓa ba.

Jiya Shugaba ya kira ni ofis. Bai ce in zauna ba. Ya ce, "Ajiye mukullan a nan." Na ajiye. Ya ce, "Kai wane ne da za ka kwashi 'ya'yan mutane ka kai su kwata? Wa ya gina ɗakin gwajin da kake sharewa? Ka san rufin ajujuwa uku muke jira daga wurin mutumin nan? Mai wanke kwalba zai zo ya ce ya auna iska! Da wace takardar?"

Na ce ba da takarda ake aunawa ba, da sirinji ne.

Ya ce to bakin nan nawa zai ci ni. An dakatar da ni sai kwamitin makaranta ya zauna. Ya ce za su nemi ƙwararre ya faɗa musu ko gwajin na gaskiya ne ko shirme. In shirme ne, na tafi ke nan.

A nan ne na yi dariya, Yaya. Na ce, "Ƙwararre? Ai ina da shi a gida. Yayana ne, ɗan Baffana, ɗaki ɗaya muka tashi. Shi ne babba a sashen gwajin ruwa a birni, kuma shi ya rubuto mini yadda za a yi." Da hannuna na rubuta masa adireshinka, har da lambar ofis. Na haɗa masa da lambobinmu duka, da zafin ruwa, da lokaci.

Wasiƙarsa za ta iso ka, ko ma ta riga wannan. Ba na son yabo. Layi ɗaya: an bi ƙa'ida, sakamakon daidai ne. Shi ke nan, in karɓi mukullaina.

Inna tana zaton hutu aka ba ni. Na bar ta a haka. Kada ka daɗe.

Barkono

*

Jumma'a, 4 ga sabon wata

Barkono,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, sai ƙaramin ne ya yi zazzaɓi, ya warware. A gaida Inna da Baffa.

Wasiƙarka ta ranar 17 ba ta zo hannuna ba sai bayan baje kolin ya wuce. Da ta zo da wuri da na hana ka rataye kwalin nan.

Wa ya aike ka ƙasan bututu? Ni ƙasan ruwa nake nufi! Ka nutsa kwalbar, kada ka kwashi na sama-sama wanda iska ke bugawa. Abin da na ce ke nan, kuma duk wanda ya zauna a ajin kimiyya haka zai fahimta. Bayan filin ƙwallo na zata za ku je, ku sami bakwai, a tafa wa yara, kowa ya koma gida. Kai tun kana ƙarami ba abin da aka rubuta kake karantawa ba, abin da zuciyarka ke so kake karantawa. Sannan ka ɗauki sunana ka ajiye a teburin Shugabanku ba tare da ka tambaye ni ba.

Na riga na ba shi amsa. Na rubuta ta da hikima, yadda kowa zai sami hanyar sauka ba tare da an ji kunya ba. Ban ce ka yi ƙarya ba. Abin da ya rage naka ne. Ka sa riga mai kyau, ka je ka ba shi haƙuri, ka ce rashin sani ne. Ka bar bakin nan a gida. Zai mayar maka da mukullanka, na san irinsu.

Ka tuna Inna da kai ta dogara.

Yayanka

*

Alhamis, 10 ga wata

Dakta,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa ƙaramin lafiya, shi ba ruwansa. Inna ta sani yanzu. Ba ni na gaya mata ba, a bakin famfo ta ji.

Na ji hikimarka. Sau biyu ma na ji ta. Shugaba ya karanta ta a gaban kwamiti ina tsaye, washegari ya sake karanta ta a taron safe a gaban yara ɗari shida, ina bayan katanga. Bari in maimaita maka, ko ka manta abin da hannunka ya rubuta:

"Gwajin da wanda ba shi da horo ya gudanar yana iya ɗaukar kuskure, musamman idan kumfa ta shiga kwalba. Don haka ba za a dogara da wannan sakamako ba."

Gaskiya ne, ba ka ce na yi ƙarya ba. Ka bar wa Shugaba ya faɗa.

To, tsaya in yi maka karatu, ni marar horo. Kumfa mece ce? Iska ce. In kumfa ta shiga kwalba, ƙara iska take yi, ba ragewa ba. Lambar sama take hawa. Wannan yana cikin koren littafinka, kai da kanka ka ja masa layi da jan biro, har ka rubuta "a lura" a gefe. Ke nan in har na bar kumfa a kwalaben nan kuma na sami ɗaya, to gaskiyar ruwan ba ta ma kai ɗaya ba. Kuskuren da ka laƙa mini, in na yi shi, kamfanin ya taimaka, ba ni ba. In kuma magungunan ne suka lalace, yaya aka yi suka ba da bakwai a saman rafi, a safiya ɗaya, da hannu ɗaya? Shugaba bai san wannan ba. Kwamiti ba su sani ba, rabinsu barci suke yi. Mutum biyu ne a duk maganar nan suka sani, ni da kai.

Ka ce na karanta layinka ba daidai ba. Na yarda. Na ɗauka kana nufin ƙasan rafi, ashe kwalba kawai kake so in nutsa. Na zata jarumta ce, ashe umarnin ɗibar ruwa ne. Wannan kuskurena ne, kuma ya fi korar ciwo. Amma rafin bai karanta wasiƙarka ba, Dakta. Ko na fahimce ka ko ban fahimce ka ba, ɗaya ce a cikinsa.

Na sa rigar, na je. Inna ce ta goge mini ita. Na tsaya a gaban teburinsa na buɗe baki in ce rashin sani ne, sai maganar ta ƙi fita, saboda a rayuwata ban taɓa sanin abu kamar yadda na san wannan ba. Ya jira, ya jira, sannan ya miƙo mini takarda. "Rashin ƙwarewa da jefa ɗalibai cikin haɗari." An kore ni.

Ciwon bayan Malam Sai-Gobe ya warke. Shi ya tsaya a kan yaran suka zana sabon kwali: sama shida, ƙasa shida. An cire kifin. Akwatin ma ba a buɗe ba, yana ofishin Shugaba a kulle.

Shekaranjiya yarinyar mai tabarau ta tare ni a bakin titi. Ta ce, "Malam, an ce Yayanka da kansa ya ce ba daidai ba ne. To mu da muka gani da idonmu fa? Ƙarya muka auna?" Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, na tsaya ina kallon takalmina.

Baffa kuwa yana zaune a ƙofar gida yana gaya wa kowa, "Yaron kirki ne, amma karatun kwalin ƙarƙashin gado ba ɗaya yake da na jami'a ba. Dakta ya duba, ya ce da kuskure." Yana faɗa yana tausaya mini. Da zagina ya yi da ya fi sauƙi.

Tambaya ɗaya, kuma kada ka amsa da hikima. Daidai na auna ko ba daidai ba?

Barkono

*

Laraba, 23 ga wata

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Ban san yadda zan tambayi lafiyarka ba. Ka gaida Inna, in za ta amsa.

Kwana goma wasiƙarka na cikin aljihuna. Daidai ka auna. Da ɗalibina ne ya kawo mini wannan aikin, kwalba uku-uku, da zafin ruwa, da lokaci, da cikakken maki zan ba shi. Maganar kumfa kuma, kana da gaskiya. Ina rubuta ta na san abin da nake yi.

Ga abin da ba ka sani ba. Shekara biyu da suka wuce ofishinmu ya ba kamfanin nan takardar shaida cewa ruwan da yake zubarwa bai wuce ƙa'ida ba. Sa hannuna ne a ƙarshenta. Ban je wurin ba. An kawo mini kwalabe da lamba a jiki, na auna, na sami bakwai, na sa hannu. Sai da na ga lambobinka na gane daga wane gefen gada aka ɗebo su. In na ce kai ne daidai, na ce ni ne ban yi aikina ba. Za a kafa kwamiti, kuma ba irin naku mai barci ba. Shekara ashirin na aiki, Barkono. Ga yara, ga Baffa da ba shi da abin alfahari sai ni.

Akwai gurbin mai kula da sito a ɗakin gwajinmu. Na yi magana. Ka taho, za ka ga na'urorin da ba ka taɓa gani ba sai a hoto.

Kada kowa ya ga wannan wasiƙar. Ka ƙona ta.

Yayanka

*

Lahadi, 27 ga wata

Yaya,

Gaisuwa. Inna ta amsa, ta ce a ce maka Allah ya yi albarka. Ba ta san abin da ka rubuto mini ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba. Tarin Baffa ya dawo.

Ka duba cikin ambulan ɗin nan, wasiƙarka ce. Ban ƙona ta ba, ban kuma kwafe ta ba. Kwana uku tana hannuna, kuma ba zan ɓoye maka ba, sau biyu na kai bakin ƙofar makaranta da ita. Ina karanta ta a gaban Shugaba an gama, sunana ya wanku, naka ya shiga kwata. Abin da ya dawo da ni shi ne, in na yi haka, ni na sato gaskiyar daga aljihunka. Ba haka nake son ta ba. Kuma ban yarda da kaina ba in ta ƙara kwana a ɗakina, ka san ni. Shi ya sa na mayar maka. Yanzu ba ni da komai a hannu, sai abin da ka sani.

Siton kuma na gode. In zo in riƙa jera maka kwalabe, kullum ka wuce ka kasa kallon idona, ni in kasa kallon naka? A nan ma ana samun abin wankewa.

Masuncin nan, uban yaron da ya yi tambayar kifi, ya zo gidanmu. Bai iya karatu ba, amma ɗansa ya zana masa layi biyun a ƙasa da tsinke, ya gane. Ya bi iyaye gida-gida har sai da suka tilasta aka sa maganar a taron iyaye da malamai, Asabar 9 ga wata mai zuwa, ƙarfe goma na safe, a babban zaure. Shugaba ya yarda ne saboda yana da takardarka a aljihu. Zai sake karanta ta, karo na uku. Iyayen sun ce su ba takarda suke so ba, mai takardar suke so su gani. Sun tambaye ni ko za ka zo. Na ce zan tambaye ka. Ga shi na tambaya.

Motar safe tana isowa kafin tara. Yara goma sha biyun nan za su zauna a layin gaba. Baffa ya ce ko a kan kujera ne sai an ɗauko shi, ya ji ɗansa yana magana a gaban jama'a, har ya sa an wanke masa babbar riga. Ni zan tsaya a baya, wajen ƙofa, inda korarru ke tsayawa, kuma na yi wa Inna alkawari ba zan buɗe baki ba.

Na san abin da zai ci maka. Na karanta shi da kyau wannan karon, kalma-kalma, ban ƙara komai daga zuciyata ba. Duk da haka ina nema. Ba a ambulan ba, ba a kunnena ba, ba a wasiƙar da za a ƙona ba. Ka zo ka tsaya a gaban iyayen nan da 'ya'yansu da mahaifinka, ka ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji, ka faɗa musu abin da ke cikin ruwan nan. Ɗaya ne ko shida?

Barkono